Yadda Za Ka Ziyarci Tsofaffin Masallatan Santambul Idan Ka Tashi Daga Accra

Tun da aka buɗe babban masallacin ƙasa da ke Kanda a watan Yulin 2021, duk mutumin Nima ko Mamobi da ke bi ta Kawukudi ya saba da ganin hasumiyoyi huɗu sirara kamar alƙaluma, da ƙubbobi da suka hau kafaɗar juna. Turkawa ne suka gina shi, kuma sun ɗauko fasalinsa daga masallacin Sultan Ahmad na birnin Santambul, wanda ake rubutawa Istanbul a tikitin jirgi. Abin da ke damuna shi ne mutanenmu da yawa suna zuwa wannan birni sarin kaya, abaya da takalma da kayan yara, su yi mako guda tsakanin shagunan Laleli da wurin masu auna kaya, su dawo ba su taka ko ɗaya daga cikin iyayen masallacin Kanda ba. Alhali daga Laleli zuwa masallacin Sulaimaniyya tafiyar ƙafa ce da ba ta wuce minti 20 ba.

Ni ma haka na yi a zuwana na farko. Da na dawo na je gaida wani dattijo a layinmu, ya ce, "Ɗana, ka je ka yi wa Abu Ayyuba sallama?" Na ce, "Baba, lokaci ne ya ƙure mini." Ya jinjina kai ya ce, "Ashe kasuwa ka je, ba ka shiga gari ba." Abu Ayyuba sahabin Annabi ne da kabarinsa ke Santambul. Maganar ta zauna mini a rai. A zuwa na biyu na ware kwana uku cur don masallatai, kuma tsarin da na bi shi ne zan shimfiɗa a nan.

Mataki na farko: koya wa idonka kallo tun kana gida

Wanda bai saba kallon gini ba, ko an kai shi gaban abin mamaki, iyakarsa ya ce "masha Allah", ya ɗauki hoto, ya wuce. Saboda haka kafin ka sayi tikiti, je Kanda a ranar da ba Juma'a ba, tsakanin azahar da la'asar, ka zauna a tsakiya ka ɗaga kai. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: me ke riƙe da wannan rufi?

Wannan ita ce tambayar da ta dami kowane maginin masallaci a duniya. Salla tana son sahu mai tsawo wanda ginshiƙi bai yanke shi ba, shi kuwa rufi yana da nauyi, dole wani abu ya tallafe shi. Idan ka taɓa zuwa Larabanga a ƙasar Gwanja, masallacin laka da mutanen garin ke cewa an kafa tun 1421, ka ga amsa ɗaya: bango mai kauri, ciki ƙarami, da sanduna da suka leƙo waje waɗanda ake takawa lokacin yaɓe. Maginan ƙasar Hausa sun ba da wata amsar da azara da laka, suka lanƙwasa bakan gizo suka yi ɗaurin guga, kamar yadda Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Amsar Santambul ita ce ƙubbar dutse da bulo. Da wannan tambaya a ƙirjinka, kowane masallaci da ka shiga a can zai zama magana ce ake yi da kai.

Mataki na biyu: takardu, lokaci da kuɗi

Mai fasfon Ghana yana buƙatar biza, kuma Turkiyya tana da ofishin jakadanci a Accra. Fara nema da wuri, wata biyu kafin tafiya, ka tanadi hotuna, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, takardar banki da inshorar tafiya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ka sa katin rigakafin shawara a cikinsa. Kada ka miƙa fasfonka ga ɗan kamashon da ba shi da ofis tsayayye, komai daɗin bakinsa.

Ga wani abu da ke rikita mutanenmu. Mu a Zango idan an ce Ankara, Accra ake nufi. A can kuwa Ankara ita ce babban birnin ƙasar, kuma tana da nisan fiye da kilomita 400 daga Santambul. Duba tikitinka da kyau ka ga haruffan IST, wato babban filin jirgin Santambul. Turkish Airlines na tashi daga Accra zuwa can, tafiyar kamar awa 7, kuma agogonsu yana gaba da namu da awa 3. Mutumin Kumasi ya iso Accra da sauran lokaci a hannu, kada ya dogara da cewa hanya za ta yi kyau.

Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne watannin da jikinmu zai ji daɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyinsu ya wuce hunturun da muka sani, ga ruwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Ka kuma sani cewa mu a Accra magaribarmu ba ta nisa da ƙarfe 6 duk shekara, su kuwa a watan Yuni takan kai kusan 8:45 na dare, a Disamba kuma kafin ƙarfe 6 an yi ta. Sidi ba ta canzuwa a can. Tafi da Dala ko Yuro, ka riƙa canzawa zuwa Lira kaɗan-kaɗan a cikin gari, don farashin filin jirgi ba ya da daɗi.

Mataki na uku: masauki da zirga-zirga

Sauka a tsohon gari, yankin da ake kira Fatih: Sultanahmet, Sirkeci, Beyazit, ko ma Laleli da Aksaray inda 'yan kasuwarmu suka saba. Ranar da ka isa sayi katin Istanbulkart ka zuba masa kuɗi, shi ne na bas da jirgin ƙasa da jirgin fito duka. Jirgin cikin gari mai lamba T1 shi ne turoturonka: yana bi ta Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet, Sirkeci har Eminonu a bakin ruwa. Sauran kuwa ƙafa ce, kuma garin tudu da gangare ne da aka daɓe da duwatsu. Nemi takalmi mai laushi wanda ake cirewa ba tare da kwance igiya ba, domin za ka cire shi sau goma a yini, da safa mai tsabta, da 'yar leda ta zuba shi.

Kalmomi biyar za su ishe ka. Cami, da suke furtawa "jami", masallaci ne. Namaz salla, abdest alwala. A ƙofar bayan gida erkek na maza ne, kadin na mata.

Mataki na huɗu: ɗaura yininka a kan lokutan salla

Wannan ita ce falalar da kake da ita a kan sauran baƙi. Manyan masallatan suna sallamar masu yawon kallo idan lokacin salla ya gabato, kai kuwa lokacin ne za ka shiga. Idan mai gadi ya tare ka, ce masa "namaz", zai nuna maka ƙofar masallata. Yi alwala a jerin famfunan da ke jikin bango a waje, ka shiga da ƙafar dama, ka yi gaisuwar masallaci, ka bi jam'i, sannan ka zauna bayan an watse. Wannan rabin awa, kafin ayarin masu kallo su dawo, ita ce lokacin da za ka ga ginin a natse. Masallaci biyu ko uku a yini sun isa. Wanda ya jera bakwai, da dare duk za su cakuɗe masa.

Kada ka yi mamakin wasu abubuwa. Mu mun saba cewa gabas ita ce alƙibla, a can kuwa kudu maso gabas ake fuskanta. Turkawa Hanafiyya ne: ba sa ɗaga murya da amin, suna yawan nafila kafin farilla da bayanta, ladan ne ke jan tasbihi bayan sallama, kuma sukan jinkirta asuba har gari ya ɗan yi haske. Idan sakin hannu kake yi irin namu na Malikiyya, yi abinka, sun saba da baƙi daga ko'ina. Hajiyoyinmu ba su da matsalar shiga, mayafinsu ya wadatar, kuma wurin mata yakan kasance a baya ko a bene. Ranar Juma'a je da awa guda kafin lokaci in kana son wuri a ciki.

Kada ka ɗauki hoton mai salla a fuska, kada ka kunna hasken waya, kada ka tsaya kiran bidiyo da mutanen gida da murya sama a cikin masallaci. Na ga ana yi, kuma ba ya da kyau. A dandalin Sultanahmet wani mutum mai fara'a ya taɓa tare ni ya ce an rufe masallaci, in zo in sha shayi a shagonsa kafin a buɗe. Masallacin a buɗe yake, darduma yake son sayar mini. Yi godiya ka wuce, ka je ƙofa ka gani da idonka.

Mataki na biyar: bi su bisa shekarunsu, ka fara da Aya Sofiya

Yawancin baƙi da masallacin Sultan Ahmad suke farawa saboda sunansa ya fi tafiya. Ni shawarata a fara da kaka kafin jika.

Aya Sofiya coci ce da Sarkin Rum Jastiniyan ya gina, aka gama a 537, cikin ƙasa da shekara 6, tun kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙubbar farko ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ta da ƙarin tsayi. Faɗinta kamar mita 31, tsayinta daga ƙasa ya haura mita 55. Ta zama masallaci a 1453 da Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin, aka mai da ita gidan tarihi da dokar 1934, aka dawo da salla a cikinta a Yulin 2020.

Idan ka shiga, tsaya ka bi nauyin rufin da ido daga sama zuwa ƙasa. Gindin ƙubbar tagogi 40 ne a jere, shi ya sa take kamar tana shawagi a kan haske. A ƙarƙashinta akwai bakuna manya guda huɗu, kuma a kowace kusurwa tsakaninsu akwai wani lanƙwasasshen bango mai kusurwa uku. Shi ne dabarar da ke ɗora abu mai da'ira a kan ɗaki mai kusurwa huɗu, kamar a kifa ƙwarya a kan akwati ta zauna daram. Gaba da baya kuma rabin ƙubba biyu ne suka dafa ta don kada ta buɗe. Riƙe wannan lissafi, rabin ƙubba biyu, za ka buƙace shi gobe.

Sannan duba mihrabi. Ba a tsakiyar bangon gaba yake ba, ya ɗan karkata dama, saboda ba don fuskantar Ka'aba aka aza ginin ba, sahu ma haka ya karkace. Manyan faifai 8 da ke rataye, kowanne faɗin mita 7 da rabi, suna ɗauke da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Mustafa Izzat Efendi ne ya rubuta su a gyaran da aka yi tsakanin 1847 da 1849, shi ne kuma ya rubuta ayar Haske ta Suratun Nur a tsakiyar ƙubba. Tun Janairun 2024 masu kallo suna biyan Yuro 25 su hau bene, inda hotunan Kirista na ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinare suke. Ƙasa ta masallata ce. A ganina kuɗin benen bai faɗi banza ba, don daga can ne za ka ga yadda ginshiƙai suka ɗan jirkice saboda nauyin shekara kusan 1,500. Ana yawan gyara a wurin, saboda haka idan ka tarar da ƙarafunan magina sun tare wani sashe, ka yi haƙuri da abin da ya samu.

Fadar Topkapi tana bayan Aya Sofiya. A ciki akwai ɗakin kayan amana da ake jinginawa ga Annabi da sahabbai, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. Ba ta buɗewa ranar Talata.

Mataki na shida: ware wa Sulaimaniyya rabin yini

Idan lokacinka bai wuce na masallaci ɗaya ba, wannan ne. Mimar Sinan, sarkin maginan daular Turkawa na tsawon shekara 50, shi ya gina wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. A hanyarka daga Laleli ka fara leƙa masallacin Shehzade, wanda ya gama a 1548, inda ya kewaye ƙubba da rabin ƙubba huɗu. A Sulaimaniyya sai ya koma ga biyu, irin na Aya Sofiya sak, kamar mai cewa bari in gwada hannuna a kan abin da magabata suka yi shekara dubu da suka wuce. Bambancin shi ne Aya Sofiya tana da duhu da lunguna, nan kuwa ko'ina ka tsaya kana ganin mihrabi. Katangun da ke tokare ginin ya ɓoye su cikin bango, ya buɗe gefuna, haske ya shiga ta kowane ɓangare. Ƙubbar tana da tsayin mita 53, kuma abin da aka rubuta a cikinta aya ce ta Suratu Faɗir, wadda ke cewa Allah ne ke riƙe da sammai da ƙasa don kada su gushe. Dubi inda magini ya zaɓi ya sa wannan aya, a daidai wurin da kowa zai tambayi abin da ke riƙe da rufi.

Wanda ya yi makarantar allo zai ɗan sha wuya da rubutun da farko. Mu mun tashi da rubutun Magaribi, fa'unmu ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Nasu sulusi ne, fa'un ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu, haruffa kuma suna hawa kan juna. Nemo kalma ɗaya da ka gane, haddarka za ta ja maka sauran. A saman mihrabai da yawa za ka tarar da ayar Zakariyya da Maryam ta Ali Imrana, ko ayar juya fuska zuwa Masallaci Mai Alfarma.

Akwai abubuwa uku da ba za ka gani ba sai an nuna maka. A da fitilun mai da kyandirori ne ke haskaka masallacin, sai Sinan ya tsara yadda iska za ta kwashi hayaƙin zuwa wani ɗan ɗaki a saman babbar ƙofa, kunkunniya ta taru a can, a kankare ta a yi tawada. Duk wanda ya taɓa kankare baƙin tukunya ya haɗa da ƙaro don rubutun allo zai ji wannan a jikinsa. Na biyu, tsakanin fitilun akwai ƙwayayen jimina a rataye, ana cewa suna hana gizo-gizo yin saƙa, kuma kakanninmu ma sun san ƙwan jimina a ƙololuwar ɗaki. Na uku, an binne tulunan ƙasa a jikin ƙubbar, bakinsu na kallon ciki, don gyara amon murya. Zauna a sahun baya lokacin karatun magariba ka saurara.

Kada ka fita ka kama hanya. Zagaya harabar. Masallacin tsakiyar wata unguwa ce da aka gina tare da shi: makarantu, asibiti, gidan ciyar da talakawa, masaukin baƙi da gidan wanka. Hasumiyoyi huɗu ne masu baranda 10, ana fassara su da cewa Sulaiman shi ne sarki na 10 a gidansu, na huɗu tun cin birnin. Hubbarensa da na matarsa Hurram suna bayan bangon alƙibla. Kabarin Sinan kansa, wanda ya rasu a 1588, yana can wata kusurwa a wajen katanga, ɗan ƙarami, mutane na wucewa ba su lura ba. Je ka yi masa addu'a. Daga nan ka tsaya a dandamalin da ke kallon mashigin ruwan Halic, sannan ka ci abinci a shagunan da ke fuskantar masallacin, inda aka san su da farin wake da shinkafa. Ba waakyen Nima ba ne, babu shito babu gari, amma cikinka zai gane ɗan'uwansa.

Mataki na bakwai: Sultan Ahmad, da wani ƙarami a kan shaguna

Yanzu ka isa ga uban na Kanda. Sultan Ahmad na ɗaya yana da shekara 19 aka fara ginin a 1609, ya rasu a 1617 yana da 27. Maginin, Sedefkar Mehmed Aga, almajirin Sinan ne, kuma ya koma ga rabin ƙubba huɗu irin na Shehzade. Hasumiyoyinsa 6, tagogi kamar 260, tayil na garin Iznik fiye da 20,000, su ne suka ja masa laƙabin shuɗin masallaci. Shigo ta ƙofar farfajiya da ke fuskantar tsohon filin sukuwa, ka ga ƙubbobi suna hauhawa ɗaya bayan ɗaya. Daga waje babu kamarsa. Daga ciki kuwa, ginshiƙansa huɗu da ake kira ƙafar giwa, kowanne kaurin kusan mita 5, sun yi wa ido nauyi, kuma a nan za ka gane abin da Sinan ya fi almajirinsa. Akwai sarƙar ƙarfe a rataye a ɗaya daga ƙofofin haraba, wadda aka sa don sarki in ya shigo a kan doki dole ya sunkuyar da kai.

Don ganin tayil kusa da ido, sauka Eminonu ka nemi masallacin Rustam Pasha, shi ma aikin Sinan ne na wajen 1563. Yana da wuyar samu, domin a saman shaguna yake, ta wata 'yar matattakala ake hawa. Bangonsa duka furanni ne shuɗi da wani ja mai kauri da aka san Iznik da shi. Shagunan ƙasan waƙafi ne, hayarsu ke riƙe masallacin, kamar yadda aka gina Kasuwar Misra da ke kusa don ta ciyar da masallacin Yeni. Kwamitocin masallatanmu da ke yawo da faranti kowace Juma'a don kuɗin wuta da ruwa suna da abin dubawa a nan.

Mataki na takwas: Abu Ayyuba, da cocin da ke kan hanya

Daga Eminonu hau jirgin T5 da ke bin gaɓar Halic zuwa Eyubsultan, unguwar da kabarin Abu Ayyuba yake. Sauka a Balat tukuna ka ga cocin mutanen Bulgeriya da aka gama a 1898, wadda duk jikinta ƙarfe ne da aka zuba a birnin Biyana aka kawo ta jirgin ruwa aka harhaɗa. Ƙwanƙwasa bangon a hankali ka ji. Sama da nan, kusa da tsohuwar ganuwar birni, akwai Kariye, tsohuwar coci mai hotunan ƙarni na 14 da aka sake buɗewa a matsayin masallaci a Mayun 2024. Mutumin Ghana ba baƙo ba ne ga wannan. Mun tashi gida ɗaya da Kirista, kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ƙafarsa ya je cocin Christ the King a Accra a 2019. Shiga da ladabin da kake so a shiga masallacinku da shi: murya ƙasa, ba nuni da yatsa, ba hoto lokacin ibadarsu.

Abu Ayyuba Al'ansari shi ne sahabin da raƙumar Annabi ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina, Annabi ya zauna a wurinsa kimanin wata 7. Da tsufansa ya bi rundunar da ta nufi wannan birni a zamanin Mu'awiya, ya rasu, aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan cin birnin aka gina masallaci a wurin a 1458, wanda ke tsaye yanzu kuwa na 1800 ne. A da, a nan ake rataya wa sabon sarki takobi. Ginin bai kai su Sulaimaniyya ba, amma babu inda na ga jama'ar gari sun cika kamar nan, musamman asubar Lahadi, da yara sanye da fararen kayan kaciya kamar 'ya'yan sarki. Bi layi, maza gefe mata gefe, ka yi sallama, ka roƙi Allah, ka ba na baya wuri. Malamanmu na Zango suna da saɓani a kan wasu abubuwan ziyara. Tsaya a kan abin da malaminka ya karantar da kai, kada ka tsaya gardama da kowa a gaban kabarin sahabi.

A yammacin ƙarshe, hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar a ɓangaren Asiya, da katinka ɗin nan, ka dawo dab da magariba. Daga kan ruwa za ka ga Aya Sofiya da Sultan Ahmad da Sulaimaniyya a jere a kan tuddai, kuma yanzu kana iya kiran sunan kowanne daga yawan hasumiyoyinsa da zaman ƙubbarsa.

Mataki na ƙarshe: idan ka dawo

Kowane dare a can ka rubuta layi biyar a kan abin da ka gani, da sunan masallacin a ƙarƙashin hotunansa, in ba haka ba bayan wata guda ba za ka bambance su ba. Juma'ar farko bayan ka sauka, je Kanda da wuri ka koma inda ka zauna kafin tafiya. Ƙirga rabin ƙubbobin, nemo lanƙwasassun kusurwoyin nan masu riƙe da'ira, karanta abin da aka rubuta a sama. Tafi da yaranka ko ƙannenka ka nuna musu da hannu.

Ni da na sauka, washegari na nufi gidan dattijon nan. Ban jira ya tambaya ba, na durƙusa na ce, "Baba, na isar da sallama." Ya gyara zama a kan buzunsa, ya sa aka kawo mini koko, ya ce in fara masa tun daga ƙofar shiga, kada in tsallake komai.